Rigar da Na Sallaci Inna da Ita

Sunana Zailani, ni ne limamin Tudun Jalo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kutama a ƙasar Gwarzo. Limancin gadonsa na yi, noma kuwa dole ce ta sa, don har yau ban ga limamin ƙauyen da jan salla ya cika wa rumbu ba. Abin da zan faɗa ya faru ne a damina ta biyu bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano, lokacin da rediyo ke ta ce mana a tsuke bakin aljihu, mu kuwa aljihun namu ya daɗe da hujewa.

A shekarar nan maganin feshi ya gagari talaka. Wanda ake samu da araha a kasuwa kuma rabinsa ruwa ne da kala. Na taɓa saye na fesa wa wakena, wallahi tsutsar ta fi ni cin moriyarsa, don ƙiba ta yi. Saboda haka da waken bana ya fara fure, na ga tsutsa ta soma huda shi, sai na zuba mata ido kawai ina jan tsaki.

Gonar waken nan tawa tana hayin rafi, tafiya ce mai nisa daga gari. Maƙwabcina a can shi ne Malam Chollom, mutumin Filato, Kirista, mai koyar da aikin gona a makarantar sakandare a Gwarzo. Shekararsa goma sha huɗu a cikinmu, kuma duk damina yana aron 'yar gona a kusa da tawa. Wata safiya ya ƙwala mini kira daga cikin kunyoyinsa.

"Liman! Zo ka ga rahamar Allah."

Na je. Abin da ya nuna mini tsutsotsi ne matattu, sun hau can saman ganye sun maƙale da ƙafafun baya, kawunansu na reto ƙasa, jikinsu ya yi laushi. Ya taɓa guda da tsinke, ta fashe, wani ruwa mai duhu ya tsiyayo, warinsa ya daki hancina.

Na ja da baya na ce, "Malam, wannan ce rahamar?"

Ya ce, "Annoba ce ta shiga cikinsu. Cuta ce tasu su kaɗai, ba ta kama mutum, ba ta kama akuya, ko ƙudan zuma ba ruwanta da shi. Tun a kwaleji na karanta ta, ban taɓa ganinta da idona ba sai bana. In muka tsince matattun nan muka niƙa, muka tace da tsumma, muka dama a ruwa muka fesa, duk tsutsar da ta ci ganyen ita ma ta kamu."

Ban yarda ba, kuma na faɗa masa. Bai yi musu ba. Ya fesa wa kunya huɗu a gonarsa, ya bar huɗu, ya ce in dawo bayan kwana shida in duba da kaina. Na dawo na duba. A kunyoyin da ya fesa, tsutsa na ta reto kai ƙasa. A waɗanda ya bari kuwa tana ta shagalinta. Kafin mako ya zagayo mu bakwai ne a garin muke yawo da gwangwani muna tsintar matattun tsutsa, mutane na yi mana kallon waɗanda yunwa ta taɓa wa kai.

Ranar wata Lahadi da yamma na shigo gida da gwangwanina cike. Matata Raliya ta leƙa ciki, ta toshe hanci, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a daka wannan abu a turminta ba. Muna cikin ja-in-ja sai mahaifiyata, Inna Gwamma, ta kira ni daga ƙofar ɗakinta.

Sai an san Inna za a gane abin da ya biyo baya. 'Yar babban malami ce, a zauren karatu ta tashi, kuma a kan tsarki ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Butarta ta alwala ba mai taɓa ta. In kaza ta taka mata tabarma, ranar tabarmar nan sai ta sha wanki. Ni da nake liman, har na yi furfura tana aiko mini da saƙo cewa ta ga ban cuɗa diddigena da kyau ba.

Ta ce, "Me ke cikin gwangwanin?"

Na yi mata bayani kamar yadda Malam Chollom ya yi mini. Ta saurara, sannan ta ce, "Akwai mai rai a ciki?"

Na tona ganyayen da suka biyo, na samo wata da ke motsi, na miƙa mata. Ta ɗora ta a kan farcen babban yatsanta, ta matse ta da ɗaya farcen, ta ɗaga hannun wajen hasken yamma ta daɗe tana dubawa. Sai ta goge a ƙasa.

"Ɗauko mini tsohon dutsen lallena. Kai ba ka iya niƙa ba."

Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka irin ƙiriniyar tsofaffi ce. Ta durƙusa ta niƙe shi lukui, ruwan yana fantsamar mata a zane. Raliya ta ce, "Inna, zanenki fa." Ta ce, "Bar shi." Muka tace a farin tsumma, tsumman ya rine ya yi ja-ja baƙi-baƙi. Aka kira magariba na fita masallaci.

Da asuba bayan na dawo daga salla na leƙa na gaishe ta. Tana lazimi, ta ɗaga mini hannu. Na goya injin feshin da na ara a wurin Malam Chollom na kama hanyar hayi, don ya ce a yi feshin kafin rana ta yi zafi, zafin rana yana kashe ƙarfinsa. Murfin injin nan yana yoyo. Kafin in gama rabin gonar, farar taguwata ta jiƙe daga wuya har ƙugu, ruwan yana bin bayana.

Rana ta ɗaga sosai na hango Haladu, ladaninmu, yana ketowa ta cikin dawa, jiƙe har ƙirji. Ruwan da aka yi a yamma ya sauko ya cika rafi, shi kuma ya fara nemana ne a gonata ta gero, can wani gefen. Da ya iso bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Liman, sai haƙuri. Inna ta cika. Bayan ta yi walaha aka tarar da ita a kan tabarmarta."

Ban san yadda muka haye rafin nan ba. Da muka iso gari an riga an gama komai. Mata sun yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an fito da makara ƙofar gida, jama'a sun yi sahu. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin, dattawa na cewa a hanzarta kada ruwa ya cika kabari. Wani ya miƙo mini buta na yi alwala a tsugune a bakin zaure, wani ya zura mini babbar riga a kan taguwar gonar, aka tura ni gaba.

Na yi kabbara ta farko lafiya. A ta biyu ne warin ya taso mini daga wuyan riga.

Hukuncin na san shi, ni nake koya wa ɗalibai. Duk abin da ba shi da jini mai gudana a jikinsa, kamar fara ko ƙuda, mushensa mai tsarki ne. Wanda ke da jini kuwa mushensa najasa ne. Amma a tsaye a wurin nan sai farin tsumman jiya ya faɗo mini a rai, da launin da ya rine da shi, sak tsohon jini. Zuciyata ta ce, Zailani, yanke sallar nan, tuɓe rigar, ka sake. Aka yi tsawa. Ga mutane cike a bayana, ga uwata kwance a gabana. Na ci gaba, na cika kabbara huɗu, na sallame. Muna gama rufe ta ruwa ya sauko, kuma ban faɗa wa kowa abin da ya raya mini ba.

Taguwar na cusa ta a leda na tura ƙarƙashin gado. Na kasa ba da ita wanki, na kasa yar da ita.

Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Masu ta'aziyya suna ta yaba haƙurina, wai ko ɗigon hawaye Liman bai zubar ba, haka ake son malami. Ba haƙuri ba ne. Duk lokacin da kukan ya taso mini, sai tambayar nan ta riga shi zuwa maƙogwaro: shin an sallaci Inna, ko kuwa haka na binne ta?

A rana ta tara Najmuddeen ya yi sallama a zaurena. Ɗan aminina ne, ya yi karatun addini a Kano ya dawo, shi ne kuma sakataren kwamitin da samarin garinmu suka kafa da kansu don kula da al'amuran shari'a. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Iliminsa ne dai sabo fil, irin sabon takalmin da duk inda aka taka sai ya yi ƙara. Ya zo da mutum biyu, suka durƙusa, muka gaisa, suka sake yi mini gaisuwar rashi.

Sannan ya ce, "Baba Liman, kwamiti ya ga tsumman da ake tace maganin nan na Malam Chollom da shi. Abin da ke jiki jini ne. In kuwa tsutsar tana da jini, to mushenta najasa ne, ga shi manoma suna shigowa masallaci da kayan gona. Mun ce a dakatar da feshin har sai an sami hukunci."

Na ce na ji. Abokan tafiyarsa suka tashi, shi ya tsaya. Ya matso, ya sassauta murya.

"Baba, ranar jana'izar Inna ina sahun farko, daidai bayanka. Na ga ƙasan taguwar ya leƙo ta ƙarƙashin babbar riga. Ka san abin yana jikinka a lokacin?"

Da na ce ban sani ba, magana ta ƙare, don wanda bai sani ba yana da uzuri. Shi ma na ga alamar amsar da yake fata ke nan. Amma a kan uwata ba zan yi ƙarya ba.

Na ce, "Na tuna a kabbara ta biyu."

Ya sunkuyar da kai. "To Baba, in najasa ce, sallar liman ta ɓaci, ta mamu ma ta bi ta. Sai an tara jama'a an yi mata salla a kan kabarinta. Kuma wannan ba a jan lokaci da shi."

Raina ya ɓaci. Na tuna masa cewa ni na raɗa masa suna, ni na koya masa alwala yana zubar da rabin ruwan a wando. Na faɗi maganganu da dama waɗanda ba su da amfani. Da na gama, ya ba ni haƙuri ya fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai faɗi komai ba sai abin da na kwana tara ina faɗa wa kaina. Har ma akwai abin da bai sani ba: Inna ta yi magariba da lisha da asubarta ta ƙarshe da zanen nan da ruwan ya fantsamar wa, kuma ni na shigo mata da gwangwanin.

Kashegari Malam Chollom ya zo, fuskarsa ba walwala. Wake na tsakiyar fure, lokacin feshi na biyu ya yi, ga shi an hana. Kuma an fara raɗe-raɗin wai da gangan ya kawo wa Musulmi ƙazanta.

Ya ce, "Liman, wallahi ba jini ba ne. Cutar ce ke narkar da cikin tsutsar ya yi wannan launin."

Na ce, "Malam, a kan noma duk abin da ka ce na yarda. Wannan kuwa maganar tsarki ce, ba huruminka ba ne."

Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. Na ga maganar ta sosa masa rai, kuma har yau ina jin kunyar yadda na faɗe ta.

Raliya ce ta fasa ƙurjin. Tana shara ta jawo ledar daga ƙarƙashin gado, ta same ni da ita a hannu. Na gaya mata komai. Ta ce in tafi Kabo wurin Malam Mijinyawa, tsohon malamin da duk ƙasar nan ke kai wa tambaya, wanda kuma a wurin kakana, mahaifin Inna, ya yi karatu. Na ce yaya za a yi liman mai shekara ashirin a mihirabi ya je yana tambaya a kan babin tsarki, babin da ake fara koya wa yara?

Ta ce, "Malam, wato kunyarka ta fi Inna ke nan?"

Na yarda zan je. Ranar Asabar, kwana goma sha biyu da rasuwar, muka kama hanya mu uku. Ni da ledata, Najmuddeen da littattafansa, Malam Chollom da kwalbar maganinsa, don shi ya ce sai ya zo ko da a waje za a bar shi. Daga Gwarzo muka shiga motar Kabo. Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa ta fara tambayar wane ne ya shigo da mushen ɓera, direba ya ce a sauke gilasai duka. Mu uku muka yi tsit kamar ba mu san juna ba.

Malam Mijinyawa ya haura tamanin, idanunsa sun yi rauni, sai dai kunne da kai garau. Muka same shi a zaure a kan buzu, yana ɓare farin goro. Muka zube.

"Allah ya gafarta Malam. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Wa nake ji? Zailani ne na Gwamma? Yaya ƙarin haƙuri? Yaya mutan gidan? Ya damina? Ƙafa ce ta hana ni zuwa, saƙona ya iso?"

"Ya iso, Allah ya ƙara girma."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Wa ke tare da kai?"

Na gabatar da su. Malam Chollom ya tsaya a bakin ƙofa, Malam Mijinyawa ya ce ya shigo ya zauna, zaure ba masallaci ba ne. Ya sa rabin goron a baki, ya ajiye rabin a gefen buzu, ya ce mu faɗi abin da ke tafe da mu.

Najmuddeen ya yi bayanin kwamiti. Ni kuma na faɗi nawa, ban rage komai ba, har kabbara ta biyu. Na kwance ledar na miƙa taguwar, Malam ya shinshina ya kawar da kai ya ce lallai wannan ta sha gona. Najmuddeen ya fara buɗe littafi, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Rufe, ɗana. A kan hukunci ba mu saɓa ba, ni da kai da Liman duk abu ɗaya muka karanta. Abin da ba mu sani ba tsutsar ce, ita kuwa ba ta cikin littafinka. Kun zo da mai rai?"

Muka dubi juna. Liman guda, sakatare guda, malamin gona guda, kowa da kayansa, babu wanda ya tuna da mai rai.

Malam ya ce, "Malam Chollom, akwai 'yan kunyoyin wake a bayan gidan nan, tsutsa ta gama da su. Kai ka san mai lafiya da marar lafiya. Zaɓo mana ƙosassu."

Ya fita ya dawo da guda uku a kan ganye. Malam ya aika cikin gida aka kawo farin faranti da sabuwar reza, ya ce Najmuddeen ne zai yanka, tunda shi ya ga jinin, shi kuma zai zama idon Malam. Najmuddeen ya naɗe hannun riga. Tsutsar na ta murɗewa, garin dannawa rezar ta ɗan shafi yatsansa. Ɗigon jininsa ya faɗa a farantin kusa da tsutsar da ya raba biyu.

Malam ya ce, "Me ya fito daga cikinta?"

"Wani ruwa ne kore-kore, Malam, shigen ruwan ganye."

"Na ji ka ce wash. Na yatsanka fa?"

"Ja ne."

"Sun yi kama?"

"Ko kusa."

Na sauke wani numfashi da na kwana goma sha biyu ina riƙe da shi. Malam ya sa aka yanka ta biyu da ta uku, duk haka. Ya gyara zama zai yi magana, sai Najmuddeen, wanda bai ɗauke ido daga farantin ba, ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta Malam, amana ce, dole in faɗa. Ruwan ta farkon ya fara duhu."

Na leƙa. Gaskiya ne. Koren nan ya koma ruwan ƙasa, gefensa har ya soma baƙi, yana komawa launin tsumman nan sak. A raina na fara lissafin mutanen da zan bi gida-gida in ce su fito maƙabarta, limaminsu ya binne uwarsa ba salla.

Malam bai ko motsa ba. Ya ce, "Malam Chollom, me ka sani a kan wannan?"

Malam Chollom ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ce. In ruwan jikin ƙwaro ya sha iska yakan yi duhu. A cikin wadda cutar ta kashe kuwa, duk cikinta ne ke narkewa ya yi haka tun kafin ta fashe."

Malam ya lalubi gefen buzunsa ya ɗauko rabin goron da ya ajiye, ya miƙa wa Najmuddeen.

"Da kuka shigo ina ɓare wannan. Wane launi ne?"

"Fari ne tas."

"Yanzu fa, inda farcena ya kankare?"

Najmuddeen ya juya shi a hannu. "Ya yi ja, Malam."

"To sai kwamitinku ya fara yanka goro kafin a ci."

Malam Chollom ne ya fara ƙyalƙyalewa, ya yi sauri ya rufe baki. Malam ya ci gaba da cewa, "Jini da jansa yake fitowa, ba ya jiran iska ta rina shi. Ga naka nan a faranti, ka gani. Wannan halitta ba ta da jini mai gudana. Mushenta mai tsarki ne, ruwanta mai tsarki ne, ko da warinsa zai kori mutum daga mota. Zailani, rigarka tana da datti, ba ta da najasa. Sallar da ka yi wa mahaifiyarka ta yi, ta waɗanda suka bi ka ma ta yi."

Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi, sai na ji wani ya riga ni da ƙarfi. Najmuddeen ne, idanunsa sun cika da ƙwalla. Ashe shi ma kwanakin nan ba ya cin abinci, don Inna ce ta yaye shi. Ya juyo ya ce, "Baba, ka yafe mini." Na ce ni ne zan nemi yafiya, kuma na juya na nemi ta Malam Chollom a gaban kowa.

Malam bai sallame mu haka ba. Ya ce tsarki daban, tsafta daban, ya sa Najmuddeen ya ɗauki biro ya rubuta wa kwamiti. A ci gaba da feshi. Kada a dama maganin kusa da rijiya, kada a niƙa shi a abin da ake niƙa abinci. Wanda ya fesa ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya zo masallaci, ba don salla ba, don hancin maƙwabcinsa a sahu. Malam Chollom kuma ya kai kwalbarsa wurin masu binciken aikin gona a Kano su duba, su rubuto cewa ba ta cutar da mutum, don a kan wannan su ne malamai.

Har mun yunƙura za mu tashi ya ce, "Tsaya, Zailani. Wa ya niƙa maka abin nan? Na san ba kai ba ne, hannun liman bai san dutse ba."

Na ce, "Inna ce, daren da za ta rasu."

"Gwamma da kanta? Ba ta ce a kawo mata mai rai ba?"

Na tsaya cak. "Ta ce."

"Ta matse ta a farce, ta ɗaga wa haske?"

Na gyaɗa kai. Tsohon nan ya yi dariya har goron bakinsa ya fito.

"Muna ɗalibai a zauren kakanka, tsutsa ta faɗa randar alwala ta mutu a ciki. Muka kwana biyu muna gardama, kowa na jawo littafi. Kakanka ya ce a kamo mai rai a duba. Mu ƙarti goma sha wani abu, kowa na noƙewa yana ƙyanƙyami. Gwamma ta fito da kwanon abinci, shekararta ba ta wuce tara ba, ta ajiye kwanon, ta ɗauki tsutsar ta matse a farce ta nuna wa mahaifinta, ta ce, 'Baba, ba ta da jini.' Ta goge hannu ta koma ciki. Kakanka ya kwana bakwai yana yi mana gori." Ya share idonsa da gefen rawani. "Ka sha wahalar mota a banza, ɗana. An yanke maka hukuncin nan a tsakar gidanku tun kafin ka goya injin feshi. Ba ka lura ba ne."

Muka kamo hanyar komawa. Najmuddeen da Malam Chollom ne ke ta tsara yadda za a yi feshin gobe da sassafe, wa zai fara karɓar injin, wa zai gyara murfinsa. Ni dai ina jin jikina sakayau, kamar an sauke mini buhu daga ka. Ko warin ledar ban ƙara ji ba.

Muka iso Tudun Jalo gab da la'asar. Na miƙa wa Raliya taguwar na ce ta wanke. Ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce alhamdu lillahi.

Na wuce ɗakin Inna, wanda tun ranar rasuwarta ban taka shi ba. Butarta na nan inda take ajiyewa. A bayan ƙofa na ga dutsen lallen a jingine, ta wanke shi, amma akwai ɗan sauran duhu a cikin ramukansa. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a kansa. Wannan karon da kukan ya taso bai tarar da komai a hanya ba. Na yi shi da ƙarfi, irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ban damu da wanda zai ji ba.

Haladu ya kira salla, jama'a suka taru, aka jira ni ban fito ba. Na ji an yi sallama a ƙofar gida ana tambaya ko Liman na ciki. Na ji takun Raliya ta nufi zaure, hannunta da kumfar sabulu.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, Haladu ya ja ku yau. Liman uwarsa ta rasu."